Ƙarfen da ake ginawa da walda, a kai shi ƙasan teku

Aikina duba ingancin ƙarfe kafin a saukar da shi teku, kuma kwanan nan ana yawan tambayata ko da gaske na'urar 3D na buga bututun mai. Bututun kansa dai har yanzu masana'anta ke murzo shi. Abin da ake ginawa shi ne sassa masu wuyar samu, irin su mahaɗa da gangar bawul, waɗanda in an ba da odar ƙirarsu sai a yi watanni ana jira.

Hanyar da ta fi dacewa da manyan sassa walda ce zalla. Hannun mutum-mutumi ke narkar da waya, yana ɗora layi kan layi kamar mai ginin tukunya, har siffar ta tashi. Sashen yakan fito da gurji-gurji, sai a kai shi injin gyara ya yi sumul.

To, a nan mutane ke ruɗuwa. Sumul ɗin ido ba shaida ba ne. A filin mai na Bonga, kilomita 120 daga gaɓar Najeriya, zurfin ruwa ya haura mita 1,000, matsinsa kuma ya kai ninki ɗari na iskar da muke shaƙa. Tsakanin layi da layi ana iya samun ramin iska da bai kai ƙwayar gero ba, ko wurin da narkakken ƙarfe bai kama na ƙasansa ba. Ga kuma dunƙulen alminiyam da ake maƙala wa bututu don hana tsatsa: yana haddasa haidurojin da ke kutsawa cikin ƙarfe, ya tsaga shi sannu a hankali. In ya tsage a can ƙasa, sai an ɗauko jirgin ruwa na musamman, ga asarar mai, ga gurɓata ruwa.

Shi ya sa tare da kowane sashe ake gina ɗan samfuri, mu ja shi har ya tsinke, mu yanka mu duba cikinsa, sannan a haska sashen da na'urar sauti ko eksire. Hukumar DNV ta Norway ta fitar da ƙa'idar wannan aiki a 2020, cibiyar API ta Amurka ta biyo da tata a 2021.

A ganina injin ba shi ne abu mai wuyar samu ba, masu hukunta aikinsa ne suka yi ƙaranci. Matasanmu masu walda da ɗaliban foliteknik, ku nemi takardar shaidar duba walda, don ita kamfanonin mai ke fara tambaya.