Yadda A Ke Gane Shekarun Kaza Da Lokacin Ƙwanta

Duk kazar da aka kai kasuwa, a bakin mai ita sagara ce, gobe ko jibi za ta fara ƙwai. Wanda ya gaskata wannan magana ya kan ƙare hatsinsa wajen ciyar da tsohuwa wadda ta gama zamaninta. Saboda haka kada ka biya kuɗi sai ka riƙa kazar da hannunka.

Fara duban ƙafa. Ƙafar sagara sumul ta ke, ɓawonta a kwance, farcenta gajere. Ta tsohuwa kuwa kaushi gare ta, ɓawon ya yi kauri. Sa'an nan ka lallaɓa ƙarshen ƙashin ƙirjinta wajen ciki: in yana lanƙwasawa kamar guringuntsi, yarinya ce, in ya ƙage ya yi tauri ta girma. Amma in kaza ta wuce shekara guda, ba mai iya faɗa maka watanninta daidai, sai dai kirdado.

Kajin Turai su kan fara ƙwai suna da wajen wata 5, namu na gida kuwa sai sun kai 6 ko 7. In lokaci ya yi kusa, zankonta ya kan ƙara girma, ya yi ja wur, ya yi taushi da ɗumi. In ka kai hannu bisa bayanta ta kan durƙusa ta ɗan buɗe fukafukai, ka kuma gan ta tana leƙe-leƙe a lungu tana neman wurin da za ta saka.

Duk da haka zanko ya kan ruɗi mutum. Awon da ya fi tabbata na yatsu ne. Akwai ƙasusuwa biyu masu tsini, ɗaya dama ɗaya hagun da dubura, tsakaninsu ƙwai ke bi. Ɗora kazar bisa tafin hannunka, kanta na duban wajenka, ka sa yatsun ɗaya hannun a hankali tsakanin ƙasusuwan nan. In yatsa ɗaya kaɗai ya shiga, ba ta ƙwai. In biyu ko uku sun shiga, ƙasusuwan kuma suna motsi, cikinta da taushi, duburarta da faɗi da danshi, lalle tana yi, ko kuwa ta kusa. A ganina biyu sun isa ga kazar gida, gama jikinta ƙarami ne, balle in mai awon manomi ne mai kaurin yatsu.

Littattafai sun ce ƙafar mai yawan ƙwai ta kan kwaɗe, rawayarta ta fita. Gaskiya ne, amma ga mai baƙar ƙafa wannan alama ba ta da amfani.

Akwai wadda za ka iske ƙirjinta ba gashi, da zafi, tana ta da gashin wuya in an taɓa ta. Wannan kwanci ta ke so, ta tsai da ƙwai ke nan.

In ka kawo kaza gida ta yi mako ɗaya ko biyu ba ta saka kome ba, kada ka yi saurin kai ta ga wuƙa, baƙunta ce ta hana ta. Sa ta cikin akurki dabam da sauran kaji har kwana 14 domin tsoron cuta, ka ba ta hatsi da dusa da gara da ruwa mai tsabta, sa'an nan ka sake awon.