Kafin Ka Kwashe Iyali: Jawabi ga Ma'aikatan Sharaɗa, Challawa da Bompai

An shirya wannan takarda ne domin magidantan da ke neman abinci a masana'antun Kano, waɗanda tashi ya kama su. Wani mai gida ne ya ƙara masa kuɗin haya, wani iyali ne suka ƙaru ciki da falo ya yi musu kaɗan, wani kuma ya tara ɗan abin da zai sayi fili. Abin da aka saba shi ne mutum ya sami dillali ya yi masa tambaya biyu: nawa ne shekara, kuma yaya nisansa da kamfani? Zancen makarantar yara sai an sauke kaya an share tsakar gida ake tuna shi. To, ɗan'uwa, shawararmu ita ce ka fara neman makaranta, sa'an nan ka nemi gida inda yaro zai iya zuwa cikinta da ƙafarsa. In akwai nisan da za a sha, kai ne ya kamata ka sha shi.

Dalili na farko yana cikin tarihin wuraren aikin nan. Bompai ce babba, tun zamanin Turawa ta kafu, bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa da fata ya buɗe. Sharaɗa da Challawa daga baya suka zo, bayan samun mulkin kai. Dattawan da suka yi aiki a shekarun 1970 za su ba ka labarin yadda masaƙu da majemu da kamfanonin man gyaɗa da na alewa da na roba suke aiki dare da rana, wasu na tashi wasu na karɓa. Daga 1986 da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, wutar lantarki ta yi wuya, atamfar waje ta cika Kantin Kwari, sai ƙofofi suka yi ta rufuwa. Duk wanda ya zaga Bompai a yau zai ga gine-ginen da a da injuna ke kuka a ciki sun koma ɗakunan ajiyar kaya. Da yawa daga cikin masu aiki yanzu ba su da takardar ɗauka ta dindindin. Kamfani yana iya sallamarka cikin wata guda, ka sami wani aikin a Tokarawa ko Dakata, can wani gefen gari. Firamare kuwa shekara 6 ce, ƙaramar sakandare 3. Wanda ya zaɓi gida don yana jikin katangar kamfani ya jingina zamansa da abin da ba shi da tabbas, ya bar abin da zai ɗauki shekara 9.

Dalili na biyu lissafi ne, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗuwa. Tun watan Janairun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin Kano, aka koma Adaidaita Sahu. A ƙarshen watan Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, daga nan ta ci gaba da hawa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne. Mu ɗauki misali kawai: a ce kana da yara uku, kowanne zuwa da dawowa naira 400. Kwana 20 na karatu a wata, ka biya 24,000, wato sulusin wancan albashin. Cikin wata tara na karatu kuɗin ya haura 200,000. Sai ka gwada wannan da rangwamen da ka samu don ka kama gida a bayan gari. Sau da yawa za ka tarar abin da ka hana mai gida direban Adaidaita ne ya karɓe, har da ƙari. Kai kuwa mutum ɗaya ne, kana iya hawa keke, ko babur ɗinka, ko motar kamfani in akwai.

Kuma bambancin bai tsaya ga kuɗi ba. Kuɗin haya sau ɗaya ake biya a shekara, mutum yakan yi adashi ko ya ci bashi ya sauke. Kuɗin mota kullum safiya ake nemansa, kuma ranar da babu, abin da ake cewa shi ne, "Yau ku zauna, gobe kwa je." Kowa ya san wadda ake fara ce wa ta zauna: 'ya mace. Daga fashin kwana biyu a mako sai na zango guda, daga nan sai tallan gyaɗa a bakin ƙofar kamfani. Ba ƙin karatu iyayen suka yi ba, nisa ne ya cire ta. A duba hanyar ma. Titin Haɗeja da titin Panshekara tirela da tifa ke bin su, makarantar da ke tsallaken irin wannan titi ba ta kusa da ɗan shekara shida ko da ana hango rufinta daga zaure.

To, yaya ake gane makarantar kirki? Zuwa da kai ya fi aike. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, gwamnatin Kano ta ƙaddamar da nata shirin ilimi kyauta kuma dole a 2019, sa'an nan a watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Wannan ayyanawar kanta shaida ce cewa akwai gyara. Amma makarantun gwamnati ba duka suka zama ɗaya ba. Za ka sami biyu a ƙaramar hukuma guda, ɗaya yara sun cika aji har bakin taga suna zaune a ƙasa, ɗaya kuwa hedimasta tsayayye ne, ƙungiyar iyaye da malamai tana zama, ana kiran suna kowace safiya. Ka je ranar karatu wajen ƙarfe goma, ba tare da ka sanar ba. Ka gaida hedimasta, ka nemi izini ka leƙa aji. Malami yana ciki, ko yana gindin bishiya? Ka karɓi littafin wani yaro ka ga yaushe rabon da jan biro ya taɓa shi. In da hali ka rubuta layi biyu da Hausa ka ba ɗan aji huɗu ya karanta. Ka duba makewayi da ruwan sha da katanga. Rabin sa'a ya isa.

Makarantun kuɗi ma haka za ka yi musu, kada allon bakin ƙofa ya ruɗe ka. Akwai nagari ƙwarai a cikinsu, akwai kuma gidan haya mai ɗaki huɗu da aka shafa wa fenti aka raɗa masa dogon sunan Turanci. Ka tambayi shekara nawa malamin aji ɗaya ya yi a wurin, domin inda albashi bai taka kara ya karya ba malamai ba sa zama, yaro sai ya ga fuska uku a shekara guda. Ka nemi a gaya maka kuɗin zango uku gaba ɗaya, har da yunifom da littattafan da dole a wurinsu za a saya da kuɗin bikin yaye ɗalibai. Ka kuma nemi ganin takardar rajista. A farkon 2022, bayan wani abin baƙin ciki da ya sami wata ƙaramar ɗaliba a hannun mai makarantarsu, gwamnatin jiha ta soke lasisin makarantu masu zaman kansu domin a sake tantance su. Tambayar takarda ba rashin kunya ba ce. Kada kuma a manta da Islamiyya, tunda yaro zai je ta da yamma, ita ma tana son kusa.

Babbar sakandare ba ta cika ɗaure mutum da unguwa ba. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda aka buɗe a 1977, na kwana ne kuma da jarrabawa ake shiga, ɗan Gaida da ɗan Gama duk ɗaya ne a wurinsu. Tushen da zai sa yaro ya ci wannan jarrabawa shi ne ake ginawa a unguwa.

Sai maganar gidan kansa. Mai aiki a Bompai ba zai iya hayar unguwar Nasarawa ba, zai duba Birget ko Tudun Murtala ko Kawaji ko Yankaba ko Sauna. Na Sharaɗa zai duba Ja'en ko Sabuwar Gandu ko Sheka ko Ɗorayi. Na Challawa ga Panshekara da Zawaciki da Kumbotso. A duk waɗannan akwai gidajen da araharsu ke da dalili. Majemun Challawa da Sharaɗa suna aiki da sinadarai, har da kuromiyam, kuma ruwan da ke fita yana bin kwatoci da rafin Salanta zuwa kogin Challawa. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da rafin Jakara ya nufi madatsar Wasai. Gidan da ke bakin irin wannan magudana, ka shaƙi iskarsa da almuru kafin ka biya, ka kuma tambayi maƙwabta launin ruwan rijiyarsu. In famfo ba ya zuwa unguwar, ka tambayi nawa 'yan ga-ruwa ke sayar da kura a watan Afrilu, ka zuba shi cikin lissafin haya. Haka kuɗin asibiti, ko da yake shi ba a iya ƙiyasta shi tun da wuri.

Mai niyyar sayen fili ya ƙara hattara. Awon igiya yana da sauƙi, shi ya sa bayan gari ke cika da shi, amma mai gonar da ya yanka ta fuloti-fuloti ba kasafai yake ware wa makaranta ko asibiti wuri ba, titin ma da ƙyar mota ke wucewa. Unguwa sai ta cika da yara babu firamaren gwamnati ko ɗaya, dole ka faɗa hannun ta kuɗi ko ta nesa. Kafin ka ba da ko sisi, ka ga mai unguwa da dagaci, ka kuma je hukumar tsara birane ta KNUPDA da ofishin filaye na KANGIS a tabbatar maka filin ba kan hanya ko magudana ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki yake ba. Idan ana cire maka kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashi don asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa a 1992, ka nemi lambarka a wurin akawun kamfani, haƙƙinka ne.

Ka tafi da uwargida ta ga wurin kafin a gama magana. Kai kana fita da asuba, ko ka kwana a aikin dare, ita ce za ta wuni a gidan, ita za ta san ko akwai inda za ta yi 'yar sana'arta, ko akwai 'yar'uwa a kusa da za ta bar wa yara ranar awo. Mata kuma sukan ji labarin makaranta a gidan suna fiye da yadda hedimasta zai faɗa maka.

In komai ya daidaita, ka sa tashin ya faɗo cikin dogon hutu, tsakanin Agusta da Satumba. Lokacin ne ruwan sama ke tona asirin gida, ka ga inda rufi ke yoyo da inda lungu ke cika. Ka karɓi takardar canjin makaranta da sakamakon zangon ƙarshe daga tsohuwar makaranta kafin a rufe, don kada a mayar da yaro baya aji guda. A rubuta yarjejeniyar haya gaban shaidu biyu, a sa kuɗin shekara da la'adar dillali da wanda gyaran rufi ke kansa, a kuma rubuta wata nawa mai gida zai ba ka sanarwa kafin ya ƙara kuɗi ko ya ce yana son gidansa.