Tsara Zane Sana'a Ce, Mu Fara Shiri Tun Yanzu

Tutar da muke tsayawa a gabanta kowace safiya, ɗalibi ne ya zana ta: Taiwo Akinkunmi, a 1959, yana karatu a Landan. Bajen makarantarmu, bangon littattafanmu da fastocin finafinan Kannywood, duk aikin masu tsara zane ne.

Ana koyar da wannan fanni a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Da fensir da takarda ake farawa: haɗa launuka, zaɓen haruffa, da jera hoto da rubutu yadda mai wucewa zai gane saƙo da kallo ɗaya. Sannan a koma kwamfuta, kan manhajoji irin su CorelDRAW da Photoshop. Wanda ya kammala yana iya aiki a maɗaba'a, gidan talabijin, kamfanin talla, ko ya buɗe shagonsa.

Don haka kada mu raina darasin zane, kuma mu dage da Turanci domin samun gurbin karatu. Mu riƙa adana duk abin da muka zana, domin mai ba da aiki zai ce: nuna mini aikinka.

Gwajin wannan mako: mu duba allunan shagunan unguwarmu. Wanne ne ya fi saurin karantuwa daga nesa, kuma me ya sa?