Riƙon Ɗan Jami'a: Shawarwari ga Iyaye a Kaduna

Idan sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu suka fito, gidaje da yawa a Kawo, Malali, Badarawa, Tudun Wada da Rigasa sukan yi murna da rana, da dare kuma maigida ya zuba tagumi. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne kuɗin rajista, domin shi ne a rubuce. A 2021 aka ɗaga kuɗin Jami'ar Jihar Kaduna, KASU, daga abin da bai kai naira 40,000 ba zuwa 150,000 ko fiye, sannan a watan Agustan 2023 Gwamna Uba Sani ya sauko da 150,000 ɗin zuwa 105,000. An sha muhawara a kan wannan. Sai dai kuɗin rajista sau ɗaya ake biyansa a shekara, kuma 'yan uwa kan kama. Abin da ke durƙusar da gida shi ne na kullum: abinci, mota, haya, sabulu, data. Babu takardar da ke ɗauke da lissafinsa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 bai daina hawa ba. A kansa waɗannan shawarwari suka tsaya.

1. A yi lissafi kafin yaro ya ɗaure kaya. A samo ɗalibin da ke aji biyu ko uku a makarantar, in da hali a sashen da yaron zai shiga, a zaunar da shi a tambaye shi abin da yake kashewa a wata. Shi ne ya san kuɗin ƙungiyar sashe, da na handawut, da na fotokwafi, da rigar ɗakin gwaje-gwaje. A raba takarda gida biyu, na shekara daban, na wata daban. A sani kuma shekarar farko da ta ƙarshe sun fi tsada: ta farko saboda katifa, bokiti, tukwane da kuɗin karɓar gurbi, ta ƙarshe saboda furojet.

2. A auna zama gida da tafiya wani gari. Mazaunin arewacin Kaduna yana da abin da iyaye a garuruwa da yawa ba su da shi. KASU, wadda aka kafa a 2004, tana kan titin Tafawa Balewa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tana Tudun Wada, da reshenta a Unguwar Rimi. AFIT ta sojan sama tana wajen Mando. Yaron da ke kwana gida ba ya biyan haya, kuma cikin tukunyar gida yake ci. Amma kada a ɗauka kyauta ce. A ce kuɗin keke da bas daga Rigasa ko Rigachikun, zuwa da dawowa, naira 1,000 ne a yini. A kwana 22 na karatu ya zama 22,000, ba a sa abincin rana ba. Gidan da ke kan albashi mafi ƙanƙanta na jiha, naira 72,000, ya san nauyin wannan. A bincika ko bas ɗin gwamnatin jiha masu amfani da iskar gas suna bi ta hanyarsa, a kuma riƙa zuba masa abincin rana a kula.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba: ɗalibar da ke zaune a gida sau da yawa ita ce mai wanke-wanke, ita ce mai raino, ita ce 'yar aike. In an rage kuɗi da zamanta a gida, to a rage mata aiki, musamman lokacin jarrabawa. Kwas ɗin da aka faɗi sai an maimaita, kuma ƙarin shekara ya fi kowace haya tsada. A duba kuma inda sashen yake tun kafin a cike fom, domin wasu kwasa-kwasan KASU, irin su aikin gona, a Kafanchan ake yin su.

Mai tafiya Jami'ar Ahmadu Bello kuwa, Zariya kusan kilomita 80 ce daga Kaduna. Kusancin yana da amfani wajen aika kaya, yana da illa in yaro ya mai da dawowa gida duk Juma'a al'ada. Sau ɗaya a wata ya isa.

3. A aika abinci ya fi a aika kuɗin abinci. In da za a ce in zaɓi shawara ɗaya, wannan zan ɗauka. Ɗalibi yana sayen shinkafa gwangwani-gwangwani a shagon bakin makaranta, a farashi mafi tsada, alhali jiharmu jihar masara ce da waken soya. Daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin kaka, hatsi kan sauko a kasuwannin Giwa, Makarfi, Pambeguwa da Saminaka, har ma a Bakin Dogo da Kawo. A lokacin ake sayen na ɗalibi tare da na gida. Wanda ba zai iya buhu shi kaɗai ba ya haɗa kuɗi da maƙwabta biyu ko uku su raba. Wake a zuba shi a jarka busasshiya a toshe bakin sosai, ko a buhu mai leda biyu a ciki. Iska ba ta shiga, ƙwari ba sa rayuwa, ba sai an barbaɗa maganin da zai cutar da mai ci ba.

Sauran aikin na uwargida ne, kuma iyayenmu mata sun daɗe da ƙwarewa a kansa tun zamanin makarantun kwana: garin masara da aka niƙa aka tankaɗe, garin kunu, garin ɗanwake, garin kwaki da ƙuli-ƙuli, yaji, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kauɗar tumatir da tattasai, man gyaɗa da manja. Miyar da aka soya ta tsane sosai takan yi kwanaki ba firij. Dambun nama, in an samu bayan Sallar layya, yana kai wa nesa. Kada a haɗa masa kayan zango guda a lokaci ɗaya. A ɗakin da mutum shida ko takwas ke kwana, abin da ido ya gani baki ya ci, kuma yaron kirki ba zai iya hana abokin da ke jin yunwa ba. A riƙa aikawa wata-wata ta hannun direban da aka sani a tashar Kawo, a ba shi lambar wayar yaron.

4. A koya wa ɗa namiji girki. Kayan abinci ba su da amfani a hannun wanda bai san yadda ake tsayar da ruwan tuwo ba. Tsakanin gama sakandare da shiga jami'a akwai watanni. Ya shiga kicin ya koyi shinkafa da wake, dafa-duka, ɗanwake, faten wake, taliya da tuwo da miyar kuka. Masu cewa girki na mata ne ba su ne za su biya masa kuɗin gidan abinci sau uku a rana ba. A tambayi dokar ɗakin kwana kafin a sayi abin girki, domin ba ko'ina ake yarda da hita ko tukunyar gas ba.

5. A nemi gado a cikin makaranta da wuri. A Jami'ar Ahmadu Bello, a Samaru, akwai ɗakunan kwana na Amina, Ribadu, Suleiman, Ɗanfodiyo, da gine-ginen da Gidauniyar Dangote ta miƙa a 2019, amma duk da haka gadaje ba sa isar ɗalibai. Wanda ya gama rajista da wuri shi ke da damar samu, don haka jinkirin biyan kuɗin makaranta yakan jawo biyan haya a waje, wadda ta ninka kuɗin gado. In dole sai an kama ɗaki a cikin Samaru, Hayin Dogo ko Palladan, a haɗa shi da abokin zama ɗaya ko biyu waɗanda aka san iyayensu. Uba ko yayansa ya je ya ga ɗakin da idonsa, ya ga mai gida, ya tambayi ruwa da wuta da nisan ƙofar makaranta, ya karɓi rasit. Ɗaki mai araha da sai an hau abin hawa kullum ba araha ba ne. A tuna kuma da 2022, lokacin da ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi yajin aiki daga Fabrairu zuwa Oktoba: hayar ɗakuna ta ci gaba da tafiya, ɗalibai suna gida. A tambayi mai gida tun farko ko lissafinsa na shekara ne ko na kakar karatu.

6. A tsayar da rana, a tsayar da adadi. Kuɗi kaɗan da ke zuwa ranar da aka sani ya fi mai yawa da ba a san ranar zuwansa ba, domin da na farko ake iya tsari. Ga sabon ɗalibi a raba shi biyu, farkon wata da tsakiya. Kuma maigida da uwargida su san abin da kowannensu ke turawa. Yara sun iya kiran Baba da safe, su kira Umma da yamma, kowa yana zaton shi kaɗai ya bayar.

7. A fahimci lamunin ɗalibai na NELFUND kafin a karɓa ko a ƙi. An sa hannu a kan dokarsa a watan Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a Mayu. Na ɗaliban makarantun gwamnati ne. Kashi biyu ne: kuɗin makaranta, wanda ake tura wa makarantar kai-tsaye, da kuɗin kashewa na naira 20,000 a wata, wanda ke shiga asusun ɗalibi. Ba kuɗin ruwa a ciki, abin da ya kwantar da hankalin iyaye da yawa masu gudun riba. Ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke samu. Ana buƙatar lambar NIN, da BVN, da lambar JAMB, da lambar rajistar makaranta, kuma sunan ya zo ɗaya a duka. Bambancin Muhammad da Mohammed kaɗai ya isa ya riƙe takarda. Ba a biyan kowa ko sisi don nema.

Ra'ayina: gidan da ke shirin sayar da fili ko keken ɗinki don rajista, ya karɓi lamunin ya fi. Amma a kira shi da sunansa. Bashi hanji ne, an ce yana cikin kowa, sai dai wannan a wuyan yaron zai zauna, don haka a yi shawara da shi. Kuma naira 20,000 in aka raba ta kwana 30 ba ta kai 700 a rana ba. Tana rage zafi, ba ta riƙe mutum, kuma takan makara. Kada a daina aika abinci saboda ita. In an riga an biya rajista daga aljihu kafin kuɗin ya iso makaranta, a adana rasit don neman a mayar.

8. A nemi tallafin da ba a biya. Jihar Kaduna tana da hukumar bayar da tallafin karatu da lamuni, akwai ta tarayya, akwai na kamfanoni irin su MTN da kamfanonin mai. Yawancinsu sakamako suke dubawa, wasu sai an kai aji biyu ko uku. A tanadi takardar shaidar ƙaramar hukuma da ta haihuwa tun yanzu.

9. A raba nauyi a dangi, kowa da abin da zai iya. "A taimaka wa yaro" magana ce da ba ta kama kowa. Amma in aka ce Kawu ya ɗauki kuɗin gado, Gwaggo ta ɗauki sabulu da man shafawa, Yaya ya ɗauki data, kowa ya san nasa kuma zai ji kunyar fasawa. Mai shiga adashi ya roƙi uwar adashi ta sa kwasarsa ta faɗo watan komawa makaranta. In kuma za a ajiye yaro a gidan ɗan uwa a Zariya ko Kano, kada ya je hannu rabbana; a haɗa shi da masara da mai, domin su ma awo suke yi.

10. Sana'ar da ba ta cin lokacin aji. Aski, ɗinki, gyaran waya, kitso, lalle, wankin hula, koyar da yara darasi da yamma, duk suna da kasuwa a cikin ɗalibai. Dogon hutu ya isa a fara koyo a Panteka ko wajen telolin Kasuwar Barci. A bar shi ya zauna da gindinsa a shekarar farko tukuna, kuma in sakamako ya fara sauka a rage sana'ar. Tufafi da takalma ma a Kasuwar Barcin za a samu. Waya da kwamfuta ta hannu mai lafiya ta isa, sai in kwas ɗin ya buƙaci fiye da haka.

11. Kuɗin asibiti yana cikin abin da aka biya wajen rajista a yawancin makarantu. Yaro ya buɗe kati a asibitin makaranta a makon farko, ya tafi da gidan sauro.

12. A gaya wa yaro gaskiyar aljihun gida, a kuma buɗe masa ƙofar faɗin tasa. Wasu iyaye kan ɓoye halin da ake ciki har yaro ya ɗauka rowa ce. Wasu kuma faɗa suke yi duk lokacin da aka ce abinci ya ƙare, har yaro ya daina faɗa. Na biyun ya fi haɗari. Wanda ya ji tsoron kiran gida zai nemi wata hanya: manhajojin bashi na waya masu kuɗin ruwa, waɗanda ke bin lambobin da ke wayarsa suna tozarta shi, cacar ƙwallo, ko ba da aron asusun bankinsa ga wanda bai san me zai yi da shi ba. Ɗiya mace kuwa, masu jiran ta shiga matsi suna nan a bakin kowace makaranta. Don haka nata kuɗin ya riga na kowa fita, har da na audugar mata da abin da ba za ta iya faɗa wa mahaifinta ba. Wannan uwa ce za ta tambaya. In wata ya zo babu, a kira tun kafin ranar a ce, "Wannan karon sai ranar goma, ga rabin tiyar wake da garin kwaki nan tafe a motar safe." A kuma karɓi lambar abokin ɗakinsa da ta wani babba da aka sani a garin, wanda zai iya ba shi naira dubu biyu a yau, a mayar masa gobe.