Sababbin Hannayen Jari Don Sayen Kadara: Riba Ko Asara Ga Tsofaffin Masu Jari?

Sau da yawa kamfani yakan so mallakar fili ko masana'anta alhali ba shi da tsabar kuɗi, ba ya kuma son cin bashin banki. Sai ya fitar da sababbin hannayen jari ya ba mai kadarar a maimakon kuɗi. Kason tsofaffin masu jari yana raguwa, babu shakka, amma raguwar kaso daban, raguwar daraja daban.

A ɗauka akwai kamfanin casar shinkafa a Doma mai hannun jari 1,000, dukiyarsa naira miliyan 100, wato kowane hannu naira 100,000. Ya fitar da sababbi 500 don sayen ɗakin ajiya. Mai hannu 100, wanda a da yake da kashi 10 cikin ɗari, ya koma ƙasa da kashi 7. Idan ɗakin ya kai naira miliyan 50, kowane hannu yana nan a naira 100,000, bai yi asarar ko kwabo ba. Idan kuwa ainihin darajarsa miliyan 20 ce, hannun ya faɗo naira 80,000, mai kadarar ya ci da guminsu.

An ga irin wannan ciniki a zahiri a Sakkwato. A 2018 kamfanin siminti na CCNN, mai samar da tan 500,000 a shekara, ya haɗe da Kalambaina Cement na rukunin BUA, mai sabuwar masana'antar tan miliyan 1.5. Hannayen jarin CCNN sun tashi daga kimanin biliyan 1.26 zuwa biliyan 13.14, tsofaffin hannayen suka koma ƙasa da kashi 10 cikin ɗari. Yawan siminti ya ninka sau huɗu, hannaye kuwa fiye da sau goma. Sai dai tan kaɗai ba ya yanke hukunci, domin sabuwar masana'anta da tsohuwa ba kuɗin gudanarwarsu ɗaya ba. Ma'aunin shi ne ribar da ke faɗa wa kowane hannu bayan cinikin.

Saboda haka, kafin mai jari ya kaɗa ƙuri'a a babban taro, ya kamata ya nemi sanin wanda ya kimanta kadarar, da farashin da aka sa wa sabon hannu, da ko mai sayarwar yana da alaƙa da shugabannin kamfanin.