Yadda Ake Sa Wa Kowane Babi Nasa Rubutun Ƙasan Shafi A Microsoft Word

Duk lokacin da ɗaliban ajin ƙarshe na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero suka fara haɗa kundin bincikensu, shagunan buga takardu na Aliero da Jega kan cika maƙil. Akwai kuma matsalar da ke yawan ɓata wa mutane rai: ɗalibi ya rubuta "Babi na Ɗaya" a ƙasan shafi, ya je babi na biyu ya canza, sai ya tarar duk kundin ya koma "Babi na Biyu". Idan bai lura ba har aka buga aka ɗinke, kuɗin takarda da na ɗinki sun tafi a banza.

Dalili shi ne Word yana ɗaukar dukkan fayil a matsayin sashe guda, ƙasan shafinsa ma guda. Danna Enter har a kai sabon shafi, ko amfani da Page Break, ba ya raba sashe. Ga hanyoyi biyu na gyara.

Hanya ta farko: raba kundin sashe-sashe

1. A ajiye alamar rubutu a gaban kalmar farko ta sabon babi.
2. A shiga Layout, a danna Breaks, a zaɓi Next Page da ke ƙarƙashin Section Breaks.
3. A danna ƙasan shafin sabon babin sau biyu don ya buɗe. Za a ga an rubuta Same as Previous a gefen dama.
4. A danna Link to Previous don a kashe shi. Rubutun nan zai ɓace.
5. Sai yanzu a rubuta sunan babin.

Mataki na huɗu shi ne wanda aka fi mantawa. Muddin ba a kashe shi ba, sabon sashe yana ɗaure da na baya, abin da aka rubuta a ɗaya zai bayyana a ɗayan. Saman shafi da ƙasansa kowanne da nasa ɗaurin, don haka kashe ɗaya ba ya kashe ɗayan.

Da wannan hanyar ake raba lambobin shafi ma. Shafukan farko, irin su sadaukarwa da godiya, suna ɗaukar i, ii, iii, babi na ɗaya kuma ya fara da 1. A shiga Insert, Page Number, Format Page Numbers, a zaɓi salon lamba, sannan a sa 1 a Start at. A sauran babuka a bar shi a Continue from previous section don ƙirga ya ci gaba.

Hanya ta biyu: Word ya ɗauko sunan da kansa

Wannan ta fi sauƙi ga kundi mai babi biyar ko littafi mai tsawo. A fara sa wa kan kowane babi salon Heading 1 daga Home. Sannan a buɗe ƙasan shafi, a shiga Insert, Quick Parts, Field, a zaɓi StyleRef, a nuna masa Heading 1. Daga nan kowane shafi zai nuna kan babin da yake ciki. In malami mai duba aiki ya ce a sauya sunan babi, wuri ɗaya kawai za a gyara.

Abin lura

Kada a goge layin raba sashe ba tare da sani ba, domin babin da ke sama zai ɗauki tsarin na ƙasa. Danna Ctrl da Shift da 8 tare yana fito da waɗannan layukan a gan su.

Wanda ya rubuta aikinsa a waya, gara ya yi wannan tsarin na ƙarshe a kwamfuta. In ya gama, ya mayar da fayil ɗin PDF kafin ya tura wa mai shago ta WhatsApp, ya kuma duba shafin farko da na ƙarshe na kowane babi kafin a buga.