Darasi na 18: Kafaɗa Bayan Aikin Likita

Likita ya yi wa kafaɗa aiki. Sauran aiki namu ne.

Mukan rataye hannun a wuya da ƙyalle, yawanci mako 4 zuwa 6. Amma gaɓar da ba a motsawa takan ƙage. Saboda haka idan likita ya yarda, mu sunkuya, mu saki hannun, mu yi lilo da shi sannu sannu.

Kada mu ɗauki garma ko mu ja guga tukuna. In ɗinki ya ɓalle, noman bana ya wuce mu.

Mu karanta ranar komawa a katinmu, mu koma. In mun ga mugunya ko zazzaɓi, kada mu jira ranar.

Tambaya: Me ke sa gaɓa ta ƙage?